Amsa ga wanda ya ce ba ma duba facin kanel ɗin Linux kafin mu tura

Malam, na ga tambayarka a bainar jama'a, cewa wai me ya sa faci, wato gyara, ɗaya na direban hoto (manhajar da ke sarrafa katin hoto) ke shigowa kanel ɗin stable sau biyu (kanel shi ne zuciyar Linux, stable kuwa sigarsa da aka riga aka saki ake ci gaba da yi mata gyare-gyare), kuma ka ƙara da cewa "ko dai ba kwa karanta abin da kuke turawa ne". Wannan ƙarshen shi ya taɓa ni, gaskiya ya min ciwo, don shekaru nawa ina wannan aikin ba a taɓa ce min na tura abu da ka ba, kuma ka san inda za ka same ni mu yi magana mu biyu amma ka zaɓi inda mutane za su gani.

Ga yadda abin yake. A direbobi irin su i915 na Intel da amdgpu na AMD gyara kan fara sauka a reshen next, wato inda ake tara sababbin canje-canje, wanda ke jiran a buɗe ƙofar haɗa sabon kanel, ita kuwa ƙofar nan sai bayan kusan sati 9 ko 10 ake buɗe ta. Mutumin da allonsa ke mutuwa ba zai jira haka ba, sai a tsinto kwafin facin a sa shi a reshen fixes, na gyare-gyaren gaggawa, ya tafi wurin Linus Torvalds, mai haɗa babban kanel, da wuri. To an tsinto shi, ya samu sabuwar lambar komit, wato lambar shaidar da git, manhajar ajiye tarihin canje-canje, ke ba kowane canji, daga baya na asalin ma ya iso da tasa lambar. Faci ɗaya suna biyu kenan tun kafin ya zo hannuna, kuma dukkansu na ɗauke da Cc: stable, alamar da ke cewa a kai shi stable. Greg Kroah-Hartman, mai kula da kanel ɗin stable, da kansa ya sha kokawa kan wannan, ba ni na ƙirƙiro shi ba.

Ka ce git cherry, umarnin da ke gano facin da ya riga ya shiga, ya isa. Yana taimakawa, amma git patch-id da ya dogara da shi yana lissafi har da layukan da ke kewaye da gyaran, in aka taɓa su ko kaɗan don facin ya zauna a tsofaffin kanel irin su 6.1 ko 6.6 shi kenan ya zama baƙo a idonsa.

Kuma wallahi maimaicin ba shi ne ke hana ni barci ba, yawanci na biyun ƙin shiga yake yi sai a jefar da shi. Abin tsoro shi ne layin Fixes:, inda ake rubuta lambar komit ɗin da ake gyarawa. Wani ya gano gyaran farko ya ɓata wani abu, ya rubuta gyaran gyara, ya sa lambar reshen next a layin, mu kuma abin da muka ɗauka lambar fixes ce da shi, kayan bincike su duba su ce ai ba ku da matsalar, a wuce. Na taɓa kwana da laftof a gabana allo baƙi ƙirin duk lokacin da ta farka daga barci, ina bisect, wato gwada komit-komit don gano wanda ya jawo matsalar, ina kashewa ina kunnawa har asuba, ashe gyaran yana nan tuntuni, lambar ce kawai ba ta dace ba. Tun ranar nake bin layin "cherry picked from commit" mai nuna lambar asalin facin ina neman taken facin da git log, ina rubuta lambobin biyu gefe da gefe kafin in tura komai.

Zancen wai mu daina tsinto faci gaba ɗaya, ka kai shi wurin masu tsara rassan, ba hurumina ba ne.

Abin da ke damuna da ku shi ne kafin kowane stable ya fita ana sakin na gwaji a ba mutane kamar kwana 2 su gwada, masu gwadawa a kan katin hoto na gaske 'yan kaɗan ne, ni dai ban taɓa ganin Tested-by ɗinka, wato shaidar cewa ka gwada, ba ko sau ɗaya, sai abu ya fashe a jiyo muryarku. Kana da injinan da ba ni da su. Na gwajin 6.12 na gaba in ya fito ka ɗora shi, ka turo min dmesg, wato saƙonnin da kanel ke fitarwa, ni zan duba.