Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke Birmingham

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Kawunka ya sanar da ni cewa kana shirin jingine karatu ka koma wasan barkwanci, kuma duk wanda ya yi maka magana sai ka kawo masa sunan Lenny Henry. To, na san labarin mutumin. An haife shi a Dudley, kusa da inda kake zaune, a 1958, iyayensa 'yan Jamaika ne, kuma yana ɗan shekara 16 ya ci gasar talabijin ta New Faces a 1975. Nan kake tsayawa idan kana ba da labarinsa. Ba ka faɗa wa mutane cewa bayan wannan nasara an sa shi cikin wata ƙungiyar wasa inda Turawa ke shafa baƙin kwalli a fuska suna kwaikwayon baƙar fata, shi kuwa yaro ne a tsakiyarsu yana ba 'yan kallo dariya. Ya yi shekaru a haka, kuma da bakinsa ya ce yana nadama.

Abin da ke hana ni barci ke nan. Ina tsoron ranar da za ka hau dandali, zauren ya yi tsit, gumi ya keto maka, sai ka kama kwaikwayon yadda kakarka ke magana, ko yadda muke durƙusawa mu gaida manya, don kawai baƙi su ƙyalƙyale da dariya. Wallahi idan ka mai da gidanmu abin dariya don a tafa maka, ba zan yafe cikin sauƙi ba. Ka ce ina da tsauri, kamar yadda ka faɗa lokacin maganar gonar nan, amma ban taɓa hana ka abin da ba zai cuce ka ba.

Shi kansa gwanin naka sai da ya koma karatu da furfurarsa, ya sami digiri a 2007, kafin ya fito a matsayin Othello, jarumin wani wasan kwaikwayo na Shakespeare, a 2009, ya kuma kammala digirin digirgir a 2018. Ƙungiyar agaji ta Comic Relief da shi da wasu suka kafa a 1985 ma aiki ce ta mai tunani.

Na san kana da baiwa, tun kana ƙarami kai ke sa mahaifiyarka dariya ko tana fushi. Ka ƙarasa shekarar nan tukuna, sa'an nan mu zauna. Ka kira ni ranar Asabar bayan isha'i. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.