Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi: Yaranmu Ba Su San Malaman Bahiya Ta Brazil Ba

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri.

Ni malamin makaranta ne. Kwanakin baya ina koyar da darasin cinikin bayi, na nuna wa yara zanen jirgin ruwan nan da aka jera mutane a cikinsa kamar an shanya kifi. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, haka kawai suka miƙa wuya? Babu wanda ya ƙi?" Duk ajin babu mai amsa. Tun ranar abin yake ci mini rai.

Ka san an cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, ka kuma san alkawarin dawo da shi da aka yi a 2022. To wane tarihi za a dawo da shi? Wanda zai nuna wa yaro kakanninsa ɗaure da sarƙa, ya rufe littafi a nan?

A birnin Salvador na jihar Bahiya, a ƙasar Brazil, Hausawan da aka sayar sun shirya bore a 1807. Sun tara kwari da baka, da niyyar ƙwace jirage a tashar ruwa su komo gida. Aka tona asirin kafin ranar. A 1814 suka sake tashi a wuraren kamun kifi na Itapuwa, kusa da Salvador, kuma jagoransu ya shiga takardun shari'a da laƙabin "malomi". Malam ke nan, ranka ya daɗe. Kalmar da ɗalibaina ke kirana da ita kullum tana kwance a kundin kotun Turawan Fotugal.

Sai babban na 1835. Daren 24 ga Janairu wayewar 25, cikin goman ƙarshe na azumi, Musulmi wajen 600 suka fito titunan Salvador da fararen riguna da layu a wuya. Akasarinsu Yarbawa ne, da Hausawa da Nufawa a ciki. Daga malamansu akwai Bahaushe mai suna Dandara, ɗan kasuwar taba da ya sami 'yancin kansa, yana karantar da mutane a ɓoye. Sojan doki suka murƙushe su kafin gari ya waye sosai, aka kashe wajen 70. Aka harbe huɗu, aka yi wa wasu ɗaruruwan bulala, aka koro wasu zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. 'Yan sanda sun kwashe alluna da takardu masu ayoyin Alƙur'ani, wasu daga jikin gawawwaki. Takardun suna ajiye a Brazil har gobe, rubutun hannu irin na tsangaya.

Na san inda gizo ke saƙar. Da yawansu an kama su ne a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, aka gangara da su kudu hannu zuwa hannu har bakin teku. Akwai hannun namu a ciki. Wannan ma a faɗa wa yara, za su iya ɗauka. Ɓoye shi ne ya sa muka binne jarumtar waɗanda aka sayar tare da kunyar masu sayarwa.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka umarci masu tsara manhaja su ware wa wannan bore babi guda. Ka nemi ofishin jakadancinmu a Brazil ya samo hotunan takardun nan a buga a littafi, yaran da suka yi makarantar allo za su karanta su da kansu. Maganar ƙarancin malaman tarihi da littattafai kuwa, sai wani jiƙon.

Na gaya wa yarinyar abin da na sani. Ta tambaye ni a wane shafi yake, ta je ta nuna wa babanta.

Naka,
Malamin tarihi a wata ƙaramar sakandare.