Takardar Koke Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Neman Malamai A Ƙauyukan Tangaza Da Gudu

Zuwa ga
Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar III,
Fadar Sarkin Musulmi, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, Allah ya ja zamaninka. Mu talakawanka ne, limamai da manoma da makiyaya da iyayen yara daga wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Tangaza da Gudu, can bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar. Mun kawo kukanmu gare ka a matsayinka na ubanmu, kuma Shugaban Jama'atu Nasril Islam da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a Nijeriya. Maganar sojoji da bindiga mun bar ta ga gwamnati. Mu malamai muke roƙo.

Ranka ya daɗe, ba sai mun ba ka labarin Lakurawa, 'yan bindigar nan masu da'awar addini, ba. Duniya ta ji sunansu a watan Nuwamba na 2024, lokacin da Hedikwatar Tsaro ta yi sanarwa a kansu, suka kuma kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Jihar Kebbi. A watan Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Mu kuwa mun yi shekaru da saninsu kafin nan. Sun shigo ne sa'ad da ɓarayin shanu suka hana mu barci, wasu shugabannin al'umma suka yi maraba da su saboda sun kori ɓarayin. Daga baya suka fara wa'azi, daga wa'azi sai hukunci, daga hukunci sai karɓar dukiya.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne da sunan addininmu suke yi. Mutum yana da shanu 12, su zo su kora biyu ko uku su ce zakka ce. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san shanu ba su da zakka sai sun kai 30, a fitar da maraƙi ɗaya, in sun kai 40 a fitar da saniya, kuma sai shekara ta zagayo. Tumaki da awaki sai sun kai 40 kafin a fitar da ɗaya. Hatsin da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma ne, in ya kai nisabi. Waɗanda za a ba wa kuma Allah da kansa ya lissafa su, kashi takwas, a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, babu mai bindiga a daji a cikinsu don yana da bindiga. Amma makiyayin da aka kore wa shanu bai san wannan ba. Yana kuka, yana kuma tsoron kada kukan nasa ya zama saɓon Allah. Limamin da ya sani ya yi shiru, don yana ganin bindigogi jingine a bangon masallaci, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Ga yaranmu. A tare saurayi a hanyar kasuwa, a karɓe wayarsa a bincika, in an sami waƙa a farfasa katin a yi masa bulala a gaban jama'a. Wanda aka yi wa bulalar yana warkewa. Mu wanda ya tsaya kallo muke ji wa tsoro, wanda ya ga masu rawani da babura da kuɗi suna jan aya, babu wanda ya tanka musu, ya koma gida yana ganin su ne masu addini, mahaifinsa da limamin garinsu kuwa 'yan al'ada ne kawai. Yaron da ya fara yi wa sallar ubansa kallon raini ya riga ya kama hanya, ko bai riƙe bindiga ba tukuna.

Arewa ta ga irin wannan. Maitatsine da wa'azi ya fara a Kano, kafin a wayi gari a watan Disambar 1980 an rasa rayuka sama da 4,000. Muhammad Yusuf ya yi shekaru yana tara matasa a Maiduguri kafin abin ya fashe a watan Yulin 2009. Malaman da suka tashi suka warware hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, irin su Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da Sheikh Muhammad Auwal Albani Zariya, sun tsare matasa da yawa daga faɗawa ramin. An harbe Sheikh Ja'afar yana limancin Asuba a Ɗorayi a 2007, an kashe Sheikh Albani a Zariya a 2014, Allah ya gafarta musu. Don haka mun san nauyin abin da muke roƙo, kuma ba mu ce a turo mana malami shi kaɗai da jakar littattafai ba.

Muna jin kiraye-kirayenka a rediyo, da tarurrukan da kake jagoranta da malamai da shugabannin Kirista don a zauna lafiya, Allah ya saka da alheri. Sai dai maganar da aka yi a Abuja ko Kaduna tana gajiya kafin ta iso Gidan Madi da Balle, hedikwatocin ƙananan hukumominmu, balle rugar da ke bayan daji. Su kuwa waɗancan mutane ƙafa da ƙafa suke zuwa, su zauna a kan tabarmarmu, su yi magana da Hausa da Fulatanci.

Roƙonmu na farko, a zaɓo malamai ta hannun Jama'atu Nasril Islam da Majalisar Sarkin Musulmi, 'yan ɗarika da 'yan Izala a mota ɗaya, su riƙa zagayawa kasuwanninmu da masallatan Juma'a da rakiyar jami'an tsaro. Zuwansu tare shi kansa darasi ne, don masu kafirta mutane da saɓanin malamai suke fara cin kasuwa. Su karantar da babin zakka dalla-dalla, su bayyana wanda shari'a ta ba ikon yanke hukunci da wanda ba ta ba, su faɗi haɗarin kiran mai salla kafiri. Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya yi rubutu yana tsawata wa ɗaliban da suke kafirta talakawa don sun kasa amsa tambayoyin ilimin tauhidi. Jikokin waɗannan talakawa ne mu, ya kamata 'ya'yanmu su ji wannan daga bakin gidan Shehu.

Limamanmu ma suna buƙatar a riƙa kiransu Sakkwato lokaci-lokaci, a ƙara musu karatu, a ba su huɗuba rubutacciya da hatimin fada. Liman in ya ce "Sarkin Musulmi ne ya aiko", ya sami bangon jingina, ba a ce ra'ayinsa ba ne. Haka kuma muna roƙon a sa baki a samu shiri na mako-mako a Rediyon Rima, da Hausa da Fulatanci, wanda mutum zai aika da tambaya ba tare da an ambaci sunansa ko garinsu ba.

Kada a manta da mata. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna koyar da 'yan taru, wato mata ɗalibai, da waƙoƙi, mata suna haddacewa suna koya wa na gida. Uwa ce take fara lura ɗanta ya daina cin abincin gida, ya daina gaida maƙwabta. A turo mata malama da za ta gaya mata ma'anar abin da take gani da inda za ta kai ƙara.

Iyaka kuma ba ta raba mu da 'yan'uwanmu na ɓangaren Dosso da Tawa ba, kasuwa ɗaya muke ci, muna auratayya, su ma mutanen nan haka suke tsallakawa. Ko gwamnatocin biyu suna 'yar tsama tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sarakuna da malamai suna gaisawa. Muna roƙon ka yi magana da sarakunan can, a haɗa baki a kan wa'azi ɗaya.

Ba mu rubuta sunayenmu a nan ba saboda dalilin da Sarki ya sani. Iyayen ƙasarmu sun san mu, kuma a shirye muke mu zo fada duk ranar da aka kira mu, mu kuma ɗauki nauyin masauki da abincin malaman da za a turo gwargwadon ƙarfinmu.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi.

Wassalam,
Talakawanka na ƙauyukan Tangaza da Gudu.