Zuwa Ga Kamfanin Da Injin Samfefarsa Ya Cinye Min Saman Tebur

Yallaɓai Manaja,

Bayan gaisuwa. Sau biyu ina aiko muku da imel, sau biyu ana ce min laifin mai amfani ne. Shi ya sa yau na kawo maganar bainar jama'a.

Sana'ata gyaran tsofaffin kujeru da tebura: in kankare tsohon fenti, in goge, in sake shafawa. Da zan sayi inji, da gangan na kauce wa mai bel, don na san cinsa, sai dai a sa shi a manyan alluna. Na ɗauki naku mai faifai milimita 125, irin wanda ke juyawa yana karkarwa lokaci guda don kada ya bar zane. A jikin kwalin kun rubuta cewa ya dace da gugar ƙarshe a kan kayan ɗaki. Saboda wannan rubutun na biya kuɗina.

Ba ku rubuta cewa gudu ɗaya gare shi ba, zagaye 12,000 a minti, babu wurin ragewa. Ba ku kuma ce faifan ba shi da birki ba. Da ka ɗaga shi daga katako sai ya kwasa da gudu, kana sake ɗora shi ya kafa haƙori. Haka ya yi min a kan teburin wata dattijuwa, irin wanda aka manna wa siririn fallen katako a sama, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Samfefa mai laushi lamba 180 na sa, ba mai kaushi irin 60 ko 80 ba, kuma ban danna ba, nauyin injin kawai. Kafin in ankara ya huda fallen a bakin gefe, faɗin babban yatsa, farin allon ƙasa ya leƙo. Wannan ba a cike shi. Ni na kira matar na yi mata bayani, ni na ji kunyar. Sauran saman kuwa sai da na shafa launi sannan ƙananan zobba suka fito rututu, kamar an bi da allura.

Sai ƙura. Samfefar wannan girman da aka fi samu huda takwas gare ta, ta nan inji ke zuƙe ƙura zuwa jakarsa; na faifanku ma takwas ne, amma kun jera su ta yadda ba sa haɗuwa da na kowa sai samfefarku. Jakar ƙurar na nan wayam, ƙurar na kan girata da cikin hancina. Ba ƙaramin abu ba ne: tsohon fenti kan zo da dalma, har Amurka sai a 1978 ta hana sa ta a fentin gidaje, kuma mai goge tsofaffin kaya shi ke shaƙa.

Mannen da ke kama samfefa kamar ƙarangiya ma mako uku ya yi ya saki. Ina cikin aiki samfefar ta tashi ta bugi bango. Kuka ce garanti bai shafi faifai ba.

Ina so ku karɓi injinku ku mayar min da kuɗina, rasit na hannuna. Ku kuma goge maganar gugar ƙarshe daga kwalin, ko ku sa wa injin birki da maɓallin rage gudu. Injin yana nan cikin kwalinsa, ku faɗa min inda zan aika shi.

Naku,
Wani kafinta mai gyaran tsofaffin kayan ɗaki