Wasiƙa ga Iyaye: Naira Ɗayar da Ta Yi Saura

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara,

Muna fata kuna lafiya, da ku da iyali. Sanyin Jos ya kankama, don Allah a riƙa sa wa yara rigar sanyi da safa kafin su fito da safe.

Wasu daga cikinku sun tambaye mu dalilin da ya sa 'yan JSS 2 ke ta rubuta 142,857 a bayan littattafansu. Asalin abin tambaya ce da muka yi musu: 'yan kasuwa bakwai a Terminus sun ci ribar naira miliyan ɗaya, nawa kowa zai samu? Suka raba da hannu, ba na'ura. Kowa ya tashi da naira 142,857, naira ɗaya ta yi saura. Wata yarinya a layin baya ta goge allonta sau uku, tana ganin ita ce ta yi kuskure. Lissafinta daidai yake, domin 142,857 sau 7 shi ne 999,999.

Daga nan muka ninka lambar. Sau 2 ta ba da 285,714. Sau 3, 428,571. Sau 4, 571,428. Sau 5, 714,285, sau 6 kuma 857,142. Ku duba da kyau, alƙaluma shida ne dai ba su canza ba, bin juna suke yi kamar masu zagaye, sai dai wurin farawa ya bambanta. Ajin ya yi tsit, sannan aka kaure da "Malam, yaya aka yi haka?" Wannan tambayar muke nema tun farkon zango.

Amsar tana cikin ragowa. Idan ana raba abu gida bakwai, abin da zai saura ba ya wuce 1 zuwa 6. Wanda ya raba 1 da 7, yana ƙara sifili a kowane mataki, zai ga ragowar na fitowa 3, 2, 6, 4, 5, sai ta dawo 1, aikin ya sake daga farko. Yaron da ya gane wannan ya fahimci doguwar rabawa, ba haddarta ya yi ba.

Mun kuma duba jinsin 142,857. Lambar mara ce, ba cika ba, tunda da 7 ta ƙare. Ba ta cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu: an gina ta ne da 3 × 3 × 3 × 11 × 13 × 37, kuma lambobi 32 ne ke raba ta ba ragowa. Alƙalumanta idan an tara su 27 ne, 27 ɗin ma tana raba ta, a samu 5,291. A tsaga ta biyu, 142 da 857, a tara: 999.

Mun tuna musu cewa irin wannan bincike ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimin lambobi da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya.

Roƙonmu, a ƙarshen makon nan ku ba yaro takarda da fensir, ku ajiye waya gefe, ya nuna muku yadda ake raba 1 da 7. Ko ba ku yi boko ba, ku zauna ku saurare shi. Ranar Litinin kowa ya zo da amsar 142,857 sau 8, da abin da ya lura da shi a cikinta.

Mun gode, Allah Ya raya mana su.

Malamin Lissafi, a madadin Shugaban Makaranta