Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da kyamarar da ta ƙi kamawa

Yallaɓai Manaja,

Bayan gaisuwa. Ranar Talatar da ta wuce ma'aikacinku ya ce mini a waya: "Malam, ruwa ne ya shige ta, garanti ba ruwansa da wannan. Ka sayi sabon batir ka gwada." Na tambaye shi ko an buɗe ta, ya ce ba sai an buɗe ba, ya katse. Tun daga nan ba a sake ɗaukar kirana ba. Kyamarar tana hannunku tun watan jiya, kuma garantin wata 12 da ke kan rasit bai ƙare ba.

In ruwa ne ya shiga, me sabon batir zai yi mata?

Batirin lafiyarsa lau. An rubuta masa volt 7.2, in ya cika yana kai 8.4, mita ta nuna 8.3, kuma ya tayar da wata kyamara irinta nan take. Kafin in kawo muku ita, an goge ƙarafan da batirin yake taɓawa da auduga da sifirit. An cire katin ajiya da gilashin gaba, domin kati mai matsala ko ƙarafan gilashi da suka haɗe suna iya hana kyamara tashi. An danna ɗan makunnin nan na bakin murfin batir da tsinke, wanda in bai dannu ba kyamara takan ɗauka murfi a buɗe yake. An bar ta ta kwana ba batir. Ko 'yar fitilar da ke nuna aikin katin ajiya ba ta ƙifta ba.

Duk wanda ya san aikin nan ya san abin da ya rage: fis ɗin da ke kan fanel ɗin wuta, wato allon da ke raba wuta a cikin kyamara, ko makunnin kunnawa. Fis ɗin bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma da zarar an buɗe, ɗora masa mita kawai za a yi a san ko ya ƙone. Ruwa kuwa ba ya ɓuya, yana barin tsatsa fara ko koriya a kan fanel.

Ina neman ku buɗe ta, ku ba ni rahoto a rubuce da hoton wurin da ruwan ya taɓa. In babu, ku gyara ko ku musanya, ba tare da na ƙara ko sisi ba. Ina kuma so ku gaya wa jama'a mutum nawa kuka sallama da wannan magana ta ruwa, mutanen da ba su da mitar auna batir, suka je suka sayi sabo a banza suna zargin kansu. Wannan cin amanar abokan ciniki ne, kuma da saninku ake yi.

Naku,
Wani abokin cinikinku