Godiya ga Alhaji da yaransa na filin motoci a Berger

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da duk yaran fili, na ga ya dace in yi wannan godiyar a bainar jama'a, domin 'yan'uwanmu masu ƙananan sana'o'i a Legas su ji yadda ake cinikin mota da tsoron Allah. Kun hana ni kiran suna, na kuwa bi umarninku. Wanda ya san kasuwar motoci ta Berger, a bakin babban titin Apapa zuwa Oshodi, ba zai sha wahalar gane ku ba.

Sana'ata wankin gilasan tagogi. Daga Agege muke fita ni da yarana biyu bayan sallar asuba, mu nufi ofisoshi da shaguna a Ikeja, ko mu haye gadar Third Mainland zuwa Victoria Island da Lekki. A can aiki ba ya ƙarewa: iskar teku tana barin gishiri a jikin gilashi, damina ta bar tabon ruwa, hunturu ya kawo ƙura. Amma masu ofis so suke a gama kafin ma'aikata su zauna. Ranar da mota ta ƙi tashi, an yi asarar aikin ranar, idan kuma abin ya maimaitu sai a nemi wani. Tsohuwar motarmu ta yi iya yinta. Ruwan da ke zuba daga tanki ya cinye ƙasanta da tsatsa, giya ta fara ƙin shiga, kuɗin gyara ya koma cinye ribar wata.

Da na zo filinku neman wata motar, abin da ya fara burge ni shi ne ba ku tambaye ni nawa na zo da shi ba. Cewa kuka yi, "Malam, lita nawa tankinka yake ci?" Na ce 500. Kuka ce to kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan rabin tan ya riga ya hau mota tun ba a sa tsani ba. Kuka ɗauko biro muka tara sauran: mutum uku, tsani biyu, injin tura ruwa, ƙaramin janareta, tiyo, bokitai, sanduna masu tsawo da burushinsu. Lissafin ya doshi tan guda. Na shekara da shekaru ina jan wannan kayan, amma babu mai sayar da motar da ya taɓa zama ya auna su tare da ni.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ƙaramar mota yake nema, ni ma na yi tunanin irin ƙananan bas ɗin nan da ake kira korope. Kuka ce a'a, waɗannan a Japan an yi su ne don kayan da bai wuce kilo 350 ba, tankina kaɗai ya fi ƙarfinsu, kuma abin da zan rage a gidan mai zan mayar da shi wajen bakanike, ban da haɗarin birki. Sai na juya kan wata doguwar bas ƙirar Sprinter da ke tsaye a filinku, wadda ta fi tsada, ribarku kuma ta fi yawa a kanta. Nan ma kuka ce a'a. Dalilinku biyu ne. Tsayinta ba zai bar ta ta shiga wurin ajiye motoci na ƙarƙashin manyan benaye ba, balle an ɗora mata tsani a ka. Sannan idan wutarta ta rikice, ba kowane gareji ne zai iya da ita ba. Wallahi, Alhaji, a nan na san na faɗo hannu nagari. Mutumin da ya hana ka sayen abin da zai fi cin riba a kai, ba kuɗinka kaɗai yake kallo ba.

Kuka kai ni gaban wata Toyota HiAce mai ƙaramin rufi, mai giyar hannu, da injin fetur mai lita 2.7. Kuka ce kayan gyaranta birjik suke a kasuwar Ladipo, sabo da na hannu, kuma daga Mushin har Ajah da wuya a rasa bakaniken da ya san cikinta. Kuka ƙara da cewa ga mai gajerun tafiye-tafiye cikin gosulo, fetur ya fi dizal sauƙin sha'ani, tunda dizal ya daɗe yana gaba da shi a farashi, gyaran famfonsa kuma ba na wasa ba ne.

Sai kuka ce in tafi in dawo da sassafe da bakanikena, kuka kuma gargaɗi yara kada wanda ya taɓa makullin kafin mu iso. Haka aka yi. Bakanikena ya ɗaga kujerar gaba, inda injin HiAce yake, ya ɗora hannu ya ji shi da sanyi ƙalau. Ya buɗe murfin baƙin mai ya duba ko akwai farin kumfa, alamar ruwa yana haɗuwa da mai. Babu. Aka tayar da ita, ya zagaya baya ya tsuguna wajen salansa yana kallon hayaƙi, domin shuɗi na nufin tana shan baƙin mai, fari mai kauri kuma alamar gaskit ɗin kan inji ya ƙone ne. Ya bi jikinta da maganaɗisu yana neman inda aka cike da fila aka shafe da fenti. Ya yaye shimfiɗar ƙasa ya sa tocila yana neman tsatsa da busasshen laka, saboda motocin da ambaliya ta taɓa ci a ƙasashen waje suna shigowa a wanke su tas. Duk wannan kuna zaune kuna shan shayinku, ko sau ɗaya ba ku ce ya isa ba.

Wani abu ma ku kuka nuna mana da kanku. Kuka ce mu lura ƙofar gefe tana ɓangaren dama, wajen bakin titi. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, amma ana kawo motocin da aka yi wa ƙasashe masu tuƙin hagu a juya musu sitiyari a gareji. Irin waɗannan sau da yawa ƙofarsu tana buɗewa ne ta tsakiyar titi, kuma waldar da aka yi wa sitiyarin ba abin dogaro ba ce. Ga mai sauke tsani da bokitai a bakin hanya kullum, wannan maganar rai ce. Kuka kuma faɗi aibin motar da bakinku: shokazoba ɗaya na baya yana yoyo, tayoyi biyu sun tsufa. Kuka nuna mini lambobi huɗun nan na jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, sannan kuka rage kuɗinsu daga ciniki tun ban roƙa ba.

Gwajin da ba zan manta ba shi ne na jarkoki. Kuka ce mota babu kaya ba ta faɗin gaskiya. Yara suka cika jarka 20 masu lita 25 suka jera a baya, daidai nauyin tankina, muka hau titi muka gwada birki da hawan gada, muna kallon allurar zafi. Bayanta ya ɗan zauna amma sifirin ya riƙe. A hanyar dawowa ne yaronku da ya tuƙa ya ba ni shawarar da nake amfani da ita har yau: a ɗaure tanki da ƙusa a jikin mota, a gaban tayoyin baya, kuma a nemi mai shinge a ciki, domin tankin da ya yi rabi ya fi cikakke haɗari, ruwan yana kai da komo yana tura mota idan an taka birki. Ya ce kuma a shafe ƙasan da fentin hana tsatsa a shimfiɗa roba kafin ɗigon ruwa ya taɓa ta.

Takardu ba su ba mu wahala ba. Kuka ba ni na kwastan, muka gwada lambar cesis da ke jiki da ta takarda harafi bayan harafi, kuka ce in je ofishin kwastan in tabbatar kafin in biya ko sisi, tunda a farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma mai sayen da bai bincika ba shi ake ƙwace wa mota a hanya. Magatakardanku ya bi mini sauran, lamba da inshora da takardar lafiyar mota, ya kuma tuna mini cewa rubuta sunan sana'a a jikin mota sai da izinin LASAA, hukumar kula da allunan talla ta jihar Legas.

Bayan ciniki ya faɗa, ƙofar gefen ta fara cijewa. Na kira ina jin nauyi, kuka ce in kawo. Aka canza mata ƙaramar tayar da take gudu a kai, kuka hana yaro karɓar ko kwabo. Tun daga lokacin motar tana tashi bugu ɗaya, muna isa wajen aiki kafin masu gadi su canza, har na karɓi wani bene a Ikoyi da a da nake tsoron yi masa alkawari.

Alhaji, na gode. Ku miƙa gaisuwata ga magatakarda, da direban, da yaran da suka ɗebi ruwan jarkoki a cikin rana. Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci kasuwa da zuri'a, ya saka muku da mafificin alheri.

Naku,
Mai wankin gilasai,
Agege, Legas.